Baitin da Bi Mwatime Ba Ta Yanke Ba

Kusan shekara sittin ina yi wa Bi Mwatime ɗinki, don haka idan ana hirarta a Tanga ba na ko ɗaga kai daga kan keke. Masu cewa sun san ta, muryarta suka sani. Ni na san faɗin kafaɗarta a shekarar da ta haihu, na san lokacin da ƙugunta ya cika da lokacin da ya zube. Na kuma san abin da 'yan rediyo ba sa tambayarta idan sun zo da na'urorinsu: 'yarta ɗaya tal a duniya, Tunu, ta yi shekara ashirin da bakwai ba ta kira ta Mama ba. Waƙa ce ta jawo, kuma a gabana aka yi.

'Yar Pangani ce, ubanta masunci, uwarta mai dafa abincin biki. Tana da shekara sha bakwai aka kawo ta Tanga wurin gwaggonta, gidan kuwa bango ɗaya ne da ɗakin da 'yan tarab, masu kiɗan goge da waƙa na bukukuwanmu, suke haɗuwa da yamma. Wata rana tana kankare kwakwa a tsakar gida tana bin waƙarsu, sai gogen ya yi shiru. Mzee Shekuwe, shugaban ƙungiyar, wanda akawu ne a tashar jiragen ruwa da rana, ya zagayo da kansa ya yi sallama yana tambayar wace ce. Gwaggon ta fara ba da haƙuri, ta ɗauka ƙara ya kawo.

Shekara biyu ya yi yana horar da ita kafin ya bari ta tsaya gaban jama'a. Ban taɓa son mutumin ba, Allah ya jiƙansa, amma ya san aikinsa. Dokokinsa uku ne, kuma Mwatime tana iya karanto su ko daga barci aka tashe ta. Mawaƙiya ba ta motsa jiki. Mawaƙiya ba ta kallon kowa, bango take kallo, can saman kawunan mutane. Na uku, idan mai sauraro ya taso liƙi, baitin da ya taso a kansa ya zama nasa, dole ki maimaita shi har sai na ƙarshe ya koma ya zauna, ko da rufin ɗakin ne yake faɗowa.

Wannan doka ta uku ita ce tarab ɗin gaba ɗaya. A wurinmu macen da take jin haushin wata ba ta zuwa ƙofar gidanta da tsiya. Jira take a yi biki. Idan mawaƙiya ta zo kan baitin da ya dace da abin da ke ranta, sai ta miƙe, ta maƙale takardar kuɗi a tsakanin yatsu, ta tako a hankali kowa na kallonta, ta kaɗa hannu bisa kan mawaƙiyar, ta liƙa mata, sannan ta juyo ta sauke ido a kan wadda take nufi. Shi ke nan, saƙo ya isa. A zamanin Mzee Shekuwe waƙoƙin a lulluɓe suke, fure ne da tsuntsu da jirgin da ya ƙi dawowa, ta yadda wadda aka yi dominta za ta iya gyara mayafi ta yi kamar ba da ita ake ba.

Rigar farko da na ɗinka mata koriya ce, har idon sawu, hannu har wuyan hannu. A cikinta ta tsaya gaban goge shida da molon Larabawa, ƙiƙam, ta buɗe baki, na ga dattawa masu furfura suna laluben hankici. Aka ɗauki muryarta a rediyo. Mijinta, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce ta zaɓa, ko shi ko waƙa. Ba ta ko nemi shawara ba. Ya nemi canjin wurin aiki zuwa Moshi, ya bar ta da Tunu tana rarrafe.

A ƙarƙashin kekena yarinyar ta girma, tana wasa da ƙyallaye. Uwar tana Mombasa yau, gobe Unguja, jibi biki a Muheza. Tunu ba ta da rigima ko kaɗan. Idan uwar ta dawo da tsaraba, sai ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode, kamar baƙuwa ce ta ba ta. Ni abin yana damuna, Mwatime kuwa sai ta ce ai ladabi ne.

Daga nan duniya ta fara juyawa, Mwatime tana binta a guje. Tsofaffin ƙungiyar suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, igiyar goge ta yi wuyar samu a kasuwa, ƙungiya ta watse. Ta shiga ƙungiyar kiɗan wani kamfanin igiya, inda aka ba ta siket na kaki da albashin wata. Muryar da ta sa dattawa kuka da waƙar fure, ita ce ta koma yawo a bayan babbar mota ƙauye-ƙauye tana roƙon jama'a su haƙa masai, su shiga ajin yaƙi da jahilci. Na ce mata, "Mwatime, yanzu ke ce sarauniyar masai?" Ta ce, "Mishi, masai yana ciyar da ni, furen da kike so ya taɓa saya miki gishiri?"

Kamfanin ma ya durƙushe. Sai zamanin kiɗan rawa, jita uku da ƙahonin busa, a wuraren da ake sayar da giya. Nan fa aka ce sai ta motsa. Ni da hannuna na sa almakashi na yanke doguwar rigarta zuwa gwiwa, tana tsaye tana kallon bango kamar allura ake yi mata. Ta koyi rawar tana da shekara kusan arba'in, ta kuma iya. Mzee Shekuwe, a lokacin yana dogara sanda, in ya hango ta sai ya tsallaka titi.

Duk wannan ta shanye. Abin da ya karya ta shi ne fiyano. Mutum ɗaya ya zauna da akwati mai maɓallai, ya cinye aikin mutum goma sha biyu, goge yana ciki, ganga tana ciki. Tarab ya dawo, amma ba irin wanda muka sani ba. An yaye masa mayafi. Babu fure, babu tsuntsu, habaici ne tsirara, na kin yi baƙi kin rame, na mijinki a gidana ya ci abincin rana. 'Yan mata masu shekara ashirin suka cika dandali da riguna masu walƙiya, ni nake ɗinka su, ba zan yi ƙarya ba. Bi Mwatime, mai shekara arba'in da takwas, aka tura ta baya cikin 'yan amshi, tana amsa wa yaran da ta girmi iyayensu. Shekara uku tana haka. Idan ta zo shago sai ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta yi shiru, ita da ba ta san shiru ba.

A lokacin Tunu ta zama malamar firamare, tana auren wani Mbwana mai gyaran injin kwalekwale. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya tsinana wa kowa komai. Shekara bakwai babu ko ɓatan wata. Babu asibitin da ba ta je ba, babu sassaƙen da ba ta sha ba, har Lushoto ta hau wurin wani mai magani. Mijin bai taɓa yi mata gori ba. 'Yan uwansa mata ne suka ɗauki aikin, ƙarƙashin babbarsu, Mwajabu, mace mai zoben zinariya a kowane yatsa da bakin da ba ya hutawa.

Wata ranar Laraba Mwajabu ta shigo shagona da mata shida da bandir ɗin yadi ruwan hoda, za a yi musu anko na bikin autansu. Ina awo suna hira, kamar yadda mata suke yi a gaban tela, sun ɗauka keke ce kawai a wurin.

"Sudi ya gama rubutawa?" in ji ɗaya. Sudi shi ne marubucin waƙoƙin ƙungiyar, kowa ya san in ka kai masa damuwarka da abin shan shayi, zai mayar maka da ita baiti.

Mwajabu ta ce, "Ya gama tun shekaranjiya. Wallahi da ya karanta mini sai da na riƙe ciki."

"To wa zai rera? Wannan yarinyar mai ƙaramar murya?"

"Ke ma dai! Tsohuwar na ce a ba."

"Kai, Yaya, ba ki da dama! Uwar tata?"

"To da wa? Ai maganin da uwa ta ɗura ya fi shiga."

Suka kwashe da dariya har da tafawa. Ni kuwa tef yana zagaye da ƙirjin Mwajabu, na karanta awon, na rubuta. Ban ce uffan ba. Na sha ba wa kaina dalilai a shekarun nan: ba a ambaci suna ba, tela ba ta kwasar zancen shago ta kai waje, kuma ai Mwatime ba yarinya ba ce, da ta ga baitin za ta gane. Gaskiyar ita ce riguna bakwai ne, kuma gidan su Mwajabu gidan biki ne duk shekara.

Kwana biyu bayan nan Mwatime ta faɗo shagon, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Mishi, tashi ki auna ni! An ba ni waƙa. Ni kaɗai, a gaba. Masu bikin ne suka ce in ba ni ba, ba sa so."

"Bikin su wa?"

"Surukan Tunu mana. Kin ga mutanen arziki, sun san girma."

"Me waƙar take cewa?"

Ta yi wani wurgi da hannu. "Irin shirmen nan nasu na yanzu. Wai Ɗaki Shiru. Ke dai yi mini ja, mai duwatsu a ƙirji, in nuna wa yaran nan cewa ba a gabansu aka fara waƙa ba."

Na buɗe baki, na ga yadda idonta yake ƙyalli, na mayar na rufe. Mako biyu tana bitar waƙar. Ko ta gane, ko ba ta gane ba, a lokacin ban sani ba. Irin waɗannan waƙoƙi sun fi ɗari a gari, kowace unguwa akwai wadda za a iya yi dominta.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi zaman, a rumfar da aka kafa a titin gidan su Mwajabu, mata sun fi ɗari uku. Tunu tana gefena a layi na biyu, da zanenta mai ruwan toka, don ba a sa ta cikin ankon ba. 'Yan matan suka yi nasu suka gama. Aka kira Bi Mwatime binti Kombo. Ta fito cikin jar rigar, ta tsaya irin tsayuwar da, ba motsi, mai fiyano ya saki kiɗa. Wallahi ban taɓa jin muryarta ta yi daɗi kamar ranar ba, kuma har gobe ina jin haushin hakan.

Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Sai na uku:

"Kin cika ɗaki da tangaran,
kin cika akwati da zannuwa,
shekara bakwai muna kasa kunne,
'yar uwa, ɗakinki shiru."

Mata bakwai masu ruwan hoda suka miƙe a tare. Mwajabu a gaba, takardar kuɗi a tsakanin zobba, tana taku ɗaiɗai. Ta kaɗa hannu bisa kan Mwatime, ta liƙa mata a goshi, ta juyo. Ba ta ma tsaya ga kallo ba, hannu ta miƙa, ta nuna layi na biyu. Rumfar ta ɗauki guɗa. Kawuna ɗari uku suka juyo wurinmu.

Mwatime ta maimaita baitin. Ta biyu ta zo, ta maimaita. Ta uku, ta huɗu. Da bakwai ɗin suka ƙare, sai wasu matan suka taso, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kowace da tata surukar ko maƙwabciyar a rai, layi har bakin rumfa. Ban ƙirga sau nawa ta faɗi "ɗakinki shiru" ba. Tunu ba ta yi kuka ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Uwarta take kallo, kai tsaye, tun daga farko har ƙarshe. Da kiɗan ya tsaya ta miƙe, ta gyara zanenta, ta ce mini, "Gwaggo, sai anjima." Ta bi ta tsakiyar mata ta fita.

Kafin wata ya ƙare waƙar tana kan kaset, a kowace bas, a kowane shagon kitso daga Tanga har Dar es Salaam. Bi Mwatime ta dawo gaba, 'yan matan suka koma yi mata amshi. Tunu kuwa ta zama abin nuni. In ta shiga kasuwa, masu kifi su fara waƙar ƙasa-ƙasa. Ita ta nemi Mbwana ya sallame ta, ya yi kuka, ya rubuta. Ta nemi a mayar da ita wata makaranta a Korogwe, ta tafi da akwati ɗaya, ta bar musu tangaran ɗin.

Kafin ta tafi uwar ta je wurinta, ni na raka ta. Mwatime ta rantse da abin da zai kashe ta. "Ban gan ki ba, Tunu. Bango nake kallo, haka aka koya mini. Kuma ko na gani, an taso liƙi, ba a yanke baiti. Kowa ya san wannan." Tunu tana ninke kaya ta ce, "Haka ne, Bi Mwatime." Daga ranar sunan ya zauna, da Bi ɗin nan da muke sa wa kowace babbar mace don girmamawa. Ba ta yanke zumunci ba, wannan da ya fi sauƙi. Duk sallah tana aiko da zane da sukari. In an ce uwar ba lafiya, tana bugo waya ta tambayi jiki. Amma Bi Mwatime, kamar yadda mai sayar da gawayi yake kiranta.

Maganar "ban gan ta ba" kuwa Mwatime ta riƙe ta shekara da shekaru. Ta faɗa mini ita a shago, ta faɗa a kan tabarmar makoki, ta faɗa ko ba a tambaye ta ba. Sau biyu tana rantsuwar ta daina waƙar. Duk bikin da ta je kuma, kafin ta gyara abin magana mata sun fara ihu, "Ɗaki Shiru! Ɗaki Shiru!" Ta rera waƙoƙi sun fi ɗari biyu a rayuwarta, babu mai neman ko ɗaya. In ta ƙi, ba a sake gayyatarta. Sai ta yi.

Da zamanin fiyano ya ja baya na ce to, Allah ya kawo ƙarshen abin. Ashe da sauran kallo. Wasu samari a Dar es Salaam suka tsinci tsohon kaset, suka yanko muryarta a kwamfuta, baitin nan dai, suka ɗora a kan wani kiɗa mai gudu kamar ana korar ɓarawo. Ba su tambaye ta ba. Suka zo daga baya da kyamara, suka zaunar da ita a kujerar roba da baƙin tabarau, suna tsalle a bayanta suna kiranta Bibi, wato kaka. Ni na ɗinka rigar, ruwan zinariya. Waƙar ta shiga wayoyi, ta hau baburan haya, ta isa Korogwe. Wata malama da suke aiki tare ta gaya mini cewa yaran ajin Tunu suna rera ta a lokacin tara, suna rawa, ba su san komai ba. Ita kuma tana tsaye a baranda da alli a hannu tana jiran a kaɗa ƙararrawa.

A ƙarshe ma har masu bikin al'adu suka neme ta, wai suna son tarab na asali don baƙi Turawa. Aka tono tsofaffi uku masu goge, aka ce in ɗinka doguwar riga irin ta da. Ta tsaya ta yi waƙar fure da ragowar muryarta, baƙi suka tafa da ladabi. 'Yan gari da ke baya suka fara kiran Ɗaki Shiru.

Bara idonta ya yi yana, duka biyun, ba ta ganin komai sai inuwa. Wata safiya ta aiko a kira ni. Na same ta ta yi wanka ta yi shiri, jaka a cinya.

"Korogwe za ki kai ni."

"Ta san da zuwanmu?"

"In ta sani, sai ta share gida ta dafa kaza ta karɓe ni kamar mai duba makarantu. Tashi mu je."

Hakan ma ba ta tsira ba. Tunu, da furfurarta a gefen kallabi, ta tarbe mu a ɗan gidanta mai ɗaki biyu a bayan makaranta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo shayi mai citta da mandazi, irin fanken nan namu. Ta tambayi hanya, ta tambayi ido, ta tambayi mutanen Tanga gida-gida. Mwatime tana riƙe da kofi ba ta sha ba.

"Tunu, na tsufa. Ban zo da dogon zance ba. So nake ki yafe mini, ki kira ni da sunan da kika fara kirana da shi, ko sau ɗaya, kafin a tura mini ƙasa."

Tunu ta ajiye butar shayin. "Tambaya ɗaya gare ni, Bi Mwatime. Ranar nan, kin gan ni?"

Na zuba wa Mwatime ido, ina jiran karatun da na haddace. Ta juya kofin a hannunta.

"Na gan ki."

"Yaushe?"

"Tun kafin in buɗe baki. Layi na biyu, zane ruwan toka, kusa da Mishi. Dokar kallon bango tun zamanin jita na watsar da ita."

"Kin san da ni ake?"

"Ranar da Sudi ya ba ni takardar na ga shekara bakwai, ke kika faɗo mini a rai. Na ce wa kaina mata nawa ne a Tanga. Da Mwajabu ta miƙe, na tabbata."

"Me ya hana ki yin shiru?"

"Ba a yanke..." Sai ta tsaya da kanta. Ta ajiye kofin a ƙasa, tana lalube kada ya zube. "Ƙarya ne. Na taɓa yanke baiti don an ɗauke wuta, na taɓa yankewa don tari. Muryata ce ta fito ranar, Tunu. Shekara uku ina bayan yara ina amshi, sai ga mata sun taso mini layi har bakin rumfa. Na ji daɗi. Ina kallonki ina jin daɗin, na kasa tsayawa. Na ce gobe na lallashe ki, ai 'yata ce, ina za ta?"

Na ɗauka Tunu za ta yi kuka, ko ta yi faɗa, da na fi son hakan. Kai kawai ta gyaɗa, irin na malamar da ɗalibi ya kawo amsa daidai bayan an tashi daga aji.

"Na sani. Idonmu ya haɗu sau huɗu. So nake kawai in ji ko za ki faɗa." Ta juyo wurina. "Gwaggo Mishi, ke ma ankon nan ya zauna musu sosai. Hannunki ne, ko daga nesa ana ganewa."

Na ajiye mandazin da ke hannuna. Shekara ashirin da bakwai ina tsammanin nawa laifin a ɓoye yake.

"Na yafe muku, ku duka biyun," in ji ta. "Tuntuni ma. Ba na son in tsaya gaban Allah da kayan kowa a kaina. Amma ɗaya abin da kika roƙa, na neme shi a bakina, wallahi na nema, babu. Ba rowa nake miki ba." Ta leƙa waje ta dubi rana. "Bas ɗin ƙarfe biyu ya fi, na bayansa cika yake yi."

Ta ƙulle mana lemo da ayaba a leda, ta riƙe hannun uwarta har tasha, tana gaya mata inda rami yake. Ta taimaka mata ta hau, ta gyara mata mayafi a kafaɗa. Injin yana ruri, 'yan talla suna ihu, ta leƙo ta taga ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Bi Mwatime."

Mun wuce gonakin lemo na Muheza kafin Mwatime ta yi magana.

"Mishi, da ta leƙo ta taga, me ta ce? Ƙarar motar ta hana ni ji."

Na dubi fararen idanun nan, na ce, "Cewa ta yi, Allah ya kiyaye hanya, Mama."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Tsohuwar banza. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Ni da nake gane igiyar da ta saki a cikin goge shida."

Kunya ta rufe ni. Motar ta faɗa rami ta fita. Sai na ji hannunta yana laluben nawa, ta kama ta riƙe gam.

"Amma sake faɗa," ta ce. "Yadda kika faɗa ɗazu."